Mashayi Majinyaci Ne, A Kai Shi Asibiti

Jama'a masu sauraro a unguwannin zango na ƙasar Gana, ga shawarata. Wanda giya ko ƙwayar tramadol ta kama majinyaci ne, gama ƙwaƙwalwarsa ta saba da abin har ba ta iya zama sai da shi. Ɗaurin mari da bulala ba su warkar da wannan. Hasali ma, wanda ya daɗe yana shan giya, in aka raba shi da ita farat ɗaya, yana iya kamuwa da farfaɗiya har ya rasa ransa. Tun 2020 dokar Gana ta ɗauki shan ƙwaya a matsayin al'amarin lafiya. To, ku fara da asibitin unguwarku, likita ya tura ku asibitin Pantang kusa da Akra, ko na Ankaful kusa da Cape Coast. Gara kunyar yini guda da zaman makoki.