Kafin ka zaɓi firosesa, fara duba soket ɗin motherboard

A waya, firosesa manne yake da allo. Idan ta fara nauyi, sai dai ka sayar ka ƙara kuɗi ka sayi wata. Kwamfutar tebur ba haka take ba. A kan motherboard akwai gurbin da firosesa ke zama, shi ake kira soket, kuma shi zai nuna ko nan da shekara uku firosesa kaɗai za ka canja, ko sai ka haɗa da allo da RAM.

Dubi AM4 na kamfanin AMD. Ya fito a 2016, ya ɗauki Ryzen 1000 a 2017, ya kai har Ryzen 5000, kuma a 2024 ma an fitar masa da 5700X3D. Wanda ya sayi allon B450 da ƙaramin firosesa ya samu damar ɗora babba ba tare da ya taɓa sauran kayan ba. Intel kuwa ya saba canja soket bayan zubi biyu ko uku. LGA1200 ya tsaya a zubi na 10 da na 11, LGA1700 ya ɗauki na 12 zuwa na 14, daga nan aka koma LGA1851. Har LGA1151 ma iri biyu ne: siffarsu ɗaya, amma firosesan zubi na 8 ba ya tashi a allon zubi na 6.

Ni a ganina, mai kuɗin DDR5 ya nufi AM5 da allon B650, tunda AMD ya ce zai ci gaba da tallafa wa soket ɗin har 2027 ko fiye. Wanda aljihunsa bai kai ba, kada ya ji kunyar AM4. Hanyarsa ta zo ƙarshe, gaskiya ne, amma ga wanda ya fara da Ryzen 3, akwai matakai da yawa a gabansa.

Sai dai sunan soket kaɗai ba ya isa. Allo mai arha sosai, wanda sashen raba wutarsa ba shi da ƙarfe mai sanyaya shi, zai karɓi babban firosesa amma ya riƙa rage gudu idan zafi ya yi yawa, balle a watan Afrilu. Kwamfutocin ofis na hannu da suka cika kasuwa kuma, sau da yawa BIOS ɗinsu bai san firosesan da ya fito bayansu ba.

Shiga shafin kamfanin da ya ƙera allon, ka duba jerin firosesan da yake ɗauka kafin ka biya. Nemi mai maɓallin BIOS Flashback, wanda ke sabuntawa daga filasha ko babu firosesa a kai. Ranar sabuntawar kuma, jona kwamfutar a UPS ko inbata, domin idan aka ɗauke wuta ana tsaka da aikin, allon na iya ƙin tashi.