Tamale: A ina mai binciken siyasar arewacin Ghana da ta zango zai sami takardu?

A zaɓen shugaban ƙasar Ghana na ranar 7 ga Disambar 2024, manyan 'yan takara biyu duk 'yan arewa ne: John Dramani Mahama na jam'iyyar NDC, haifaffen Damongo, da Mahamudu Bawumia na NPP, haifaffen Tamale, kuma Musulmi na farko da jam'iyyarsa ta tsayar. Mahama ya yi nasara da sama da kashi 56 cikin 100 na ƙuri'u. Tun daga lokacin ake muhawara a majalisun hira da gidajen rediyo kan yadda arewa ta kaɗa ƙuri'a, da kuma ɓangaren da unguwannin zango suka karkata.

Bakin kowa yana da amsa. Amma ɗalibin kimiyyar siyasa da ke zaune a Tamale, wanda ake buƙatar ya kafa hujja da takarda, zai tarar cewa kayan aikin nasa a warwatse suke: wasu a Tamale, wasu a Accra mai nisan kimanin kilomita 600, wasu a Landan da Amurka. Ɓangaren da ya shafi Hausawa da sauran mutanen zango kuwa shi ne mafi rauni a cikinsu. Lamarin ya wuce damuwar 'yan jami'a, domin a Ghana an sha yanke hukuncin wane ne ɗan ƙasa, wane ne baƙo, bisa abin da takarda ta nuna.

Abin da Tamale take da shi

Tamale ta zama hedikwatar Yankunan Arewa na mulkin mallakar Birtaniya a 1907, bayan an taso daga Gambaga. Wannan ne ya sa birnin ya gaji fayilolin ofishin Babban Kwamishina da na kwamishinonin gundumomi: rahotannin shekara, rigingimun sarauta, shari'o'in filaye, haraji, da wasiƙu tsakanin Turawa da sarakuna. A yau suna hannun reshen Tamale na PRAAD, hukumar adana takardun gwamnati wadda dokar 1997 ta kafa a madadin tsohuwar ma'adanar tarihi ta ƙasa.

Duk mai son fahimtar rikicin sarautar Dagbon tsakanin gidan Abudu da gidan Andani, daga nan yake farawa. Rikicin ne ya kai ga kisan Ya-Na Yakubu Andani na Biyu a Yendi a watan Maris na 2002, kuma ba a naɗa sabon Ya-Na ba sai a Janairun 2019, bayan sulhun kwamitin manyan sarakuna ƙarƙashin Sarkin Asante, Otumfuo Osei Tutu na Biyu. Haka ma mai nazarin yaƙin 1994 tsakanin Konkomba da maƙwabtansu Nanumba da Dagomba da Gwanjawa, wanda tushensa mallakar ƙasa ne da sarauta.

Takarda ba ta jure zafi da ƙura da gara. Saboda haka ne wani shirin ceto takardun da ke cikin haɗari na Babban Ɗakin Karatu na Birtaniya ya ɗauki nauyin ɗaukar hotunan wani ɓangare na fayilolin Tamale, ƙarƙashin jagorancin masanin tarihi Ismael Montana, aka kuma ɗora su a intanet kyauta. Aikin ya taimaka ƙwarai, amma ya zo da nasa darasin. A watan Oktoban 2023 masu kutse suka kai wa wannan ɗakin karatu na Landan hari, ayyukansa na intanet suka tsaya tsawon watanni. Kwafin da aka ajiye a wata ƙasa, wanda kuma ake isa gare shi ta hanya ɗaya tak, ba ya wadatar da mutanen da takardun suke magana a kansu.

Ginshiƙi na biyu shi ne jami'ar UDS, wadda gwamnatin Jerry Rawlings ta kafa a 1992 domin arewa. Shekaru da dama rassanta suna Tamale da Nyankpala da Navrongo da Wa, kuma a Wa ne nazarin ci gaban al'umma ya yi ƙarfi. Dokokin 2019 sun mayar da reshen Wa da na Navrongo jami'o'i masu cin gashin kansu. Arewa ta ƙaru da jami'o'i, amma malamai da littattafai da kundayen digiri da aka tara ƙarƙashin inuwa ɗaya sun rabu gida uku.

Abin da intanet ta sauƙaƙa

Ba za a musanta sauyin da aka samu ba. Ƙungiyar ɗakunan karatun jami'o'in Ghana, CARLIGH, wadda aka kafa a 2004, tana haɗa kuɗi ta sayi damar shiga mujallun ilimi ga mambobinta. Rumbun JSTOR ya buɗe ƙofarsa kyauta ga cibiyoyin ilimi na Afirka a 2006. Shafin AJOL yana tattara mujallun da ake bugawa a nahiyar, CODESRIA da ke Dakar tana sakin littattafanta da Turanci da Faransanci, jami'o'in Legon da UDS kuma suna ɗora kundayen ɗalibansu a rumbunan intanet. Cibiyar Afrobarometer, wadda ta fara aiki a 1999 kuma hedikwatarta take Accra, tana ba da alƙaluman jin ra'ayin jama'a kyauta, har da na Nijar da Najeriya da Togo da Benin da Burkina Faso.

Sai dai yawancin mujallun da ake biya, ɗalibi ko malamin jami'a ne kawai ke da mabuɗinsu. Ɗan jarida, malamin makarantar Islamiyya, ko sakataren sarkin zango, ɗakin karatun jama'a na yankin ne madogararsa, shi kuwa an gina shi ne domin karatun gama-gari. Manyan tarin littattafan siyasa suna kudu: ɗakin karatu na Balme a Legon, da na George Padmore da Kwame Nkrumah ya buɗe a Accra a 1961. Littattafan da har gobe ake jingina da su kan siyasar arewa, irin su na Martin Staniland kan Dagbon a 1975 da na Paul Ladouceur kan sarakuna da 'yan siyasa a 1979, a Ingila aka buga su.

Inda zango yake ɓacewa

Matsalar mai binciken zango ta fi ta nisa. Kayan awon da kimiyyar siyasa take amfani da su ba su cika ganinsa ba. Hukumar zaɓe tana fitar da sakamako mazaɓa-mazaɓa, zango kuwa ba mazaɓa ba ce, unguwa ce a cikin gari, kamar Zangon Hausawa da Zangon Mosawa a Tamale. Ƙidayar jama'a ta 2021 ta nuna mutanen Ghana sun kai miliyan 30.8, kusan ɗaya cikin biyar Musulmi, amma Hausawa ba sa cikin manyan rukunan ƙabilu takwas da ake jerawa. Ana haɗa su ne cikin "sauran". Afrobarometer kuma mutum 1,200 zuwa 2,400 take tambaya a ƙasa guda, adadin da ya isa a auna ra'ayin ƙasa baki ɗaya, amma bai isa a ce ga abin da 'yan zango suke tunani ba. Ko a jerin harsuna 11 da Hukumar Harsunan Ghana take wallafa littattafai da su babu Hausa, duk da cewa gidan rediyon gwamnati ya daɗe yana watsa shirye-shirye da ita.

Alhali zango yana da tarihin siyasa mai tsawo. A 1954 aka kafa jam'iyyar Musulmi ta MAP, wadda ƙarfinta yake zangunan Kumasi da Accra. A shekarar ce kuma aka kafa Jam'iyyar Mutanen Arewa a Tamale, wadda S.D. Dombo da Mumuni Bawumia, mahaifin Mahamudu, suke cikin jagororinta. A watan Agustan 1957, watanni biyar bayan samun 'yancin kai, gwamnatin Nkrumah ta kori manyan 'yan MAP biyu na Kumasi, Alhaji Amadu Baba da Alhaji Usman Ladan, zuwa Najeriya. Sun garzaya kotu suna cewa su 'yan ƙasa ne, sai majalisa ta zartar da doka ta musamman ɗauke da sunayensu wadda ta kashe shari'ar. Kafin ƙarshen shekarar an haramta jam'iyyun da suka dogara kan addini ko ƙabila ko yanki, ƙa'idar da ta sake bayyana a tsarin mulkin 1992.

A ranar 18 ga Nuwambar 1969 gwamnatin Kofi Busia ta ba baƙin da ba su da takardar zama mako biyu su bar ƙasar. Dubun-dubatar mutane sun kama hanyar Najeriya da Nijar da Togo da Haute-Volta, wato Burkina Faso ta yau, cikinsu har da waɗanda a Ghana aka haife su. Najeriya ta yi makamancin haka a 1983 zamanin Shehu Shagari. Tambayar ba ta mutu ba. A 2020, lokacin sabuwar rajistar masu zaɓe, Kotun Ƙolin Ghana ta ce takardar haihuwa ba hujjar zama ɗan ƙasa ba ce. Tsarin mulki ya rataya zama ɗan ƙasa ne a kan iyaye da kakanni, wato a kan tarihin gida. Gidan da ba shi da abin da zai nuna lokacin da kakansa ya sauka Salaga ko Yendi ko Tamale, shi ne ake tsayarwa a bakin layi ana yi masa tambayoyi.

Muryar da ba ta cikin fayil

Fayilolin gwamnati suna faɗin yadda hukuma ta kalli zango. Yadda zango ya kalli hukuma kuwa yana cikin rubutun ajami da Larabci. Alhaji Umaru, haifaffen Kano wanda ya zauna Salaga, ya koma Kete-Krachi bayan yaƙin basasar 1892, ya rasu a 1934, ya bar rubuce-rubuce kan zuwan Turawa da halin talakawa da tarihin ƙasar Hausa. Ya rayu ƙarƙashin Jamus, daga baya Birtaniya, kuma wani ɓangare na rubutunsa ya kai Turai ta hannun jami'in Jamus Adam Mischlich. A farkon shekarun 1960 Cibiyar Nazarin Afirka ta Legon, da ƙoƙarin masana irin su Ivor Wilks, ta kwafi ɗaruruwan irin waɗannan takardu daga hannun malamai, akwai kuma kwafinsu a jami'ar Northwestern ta Amurka. Ɗalibin siyasar da bai iya karanta ajami ba, ko ya je wurin bai san me ke gabansa ba. Almajirin da ya iya karantawa kuma babu wanda ya nuna masa hanyar ɗakin.

Na yau ma haka yake salwanta. Muhawarar siyasar zango tana gudana ne a shirye-shiryen rediyon FM da ake bugo waya, a huɗubar Juma'a, a waƙoƙin kamfe, da saƙonnin murya na WhatsApp. Gwamnatin Akufo-Addo ta kafa ma'aikatar raya zango a 2017 tare da asusu na musamman, sannan ta soke ma'aikatar a 2021. Wanda zai auna nan da shekara 20 abin da aka alkawarta da abin da aka cika, zai buƙaci fayilolin asusun da kuma muryoyin mutanen da aka yi wa alkawarin. Fayil yana da hukumar da doka ta ɗora wa adana shi. Murya ba ta da mai riƙe ta.

Darasi daga maƙwabta

Akwai abin koyi a kusa. A Yamai, cibiyar IRSH tana da sashen takardun Larabci da ajami wanda ya ginu kan tarin da Boubou Hama ya fara, cibiyar LASDEL kuma tun 2001 take buga bincike kan siyasar ƙananan hukumomi tana rabawa kyauta. A Najeriya akwai Gidan Arewa a Kaduna, da Gidan Mambayya a Kano, inda aka mayar da gidan Malam Aminu Kano cibiyar nazarin dimokuraɗiyya. Dukkansu sun nuna cewa takardun 'yan siyasa da na malamai suna tsira idan wata cibiya ta ɗauki alhakinsu tun masu su ko magadansu suna raye.

Haɗa kai da waɗannan cibiyoyi ya zama dole, domin labarin guda ne aka raba wa ma'adanai daban-daban. Iyalin da aka kora daga Kumasi a 1969, rabin labarinsu yana Ghana da Turanci, rabi yana Nijar da Faransanci. Ficewar Nijar da Mali da Burkina Faso daga ECOWAS, wato CEDEAO, a ranar 29 ga Janairun 2025 ta ƙara wa batun zirga-zirga da takardun zama nauyi ga duk wanda danginsa suke ɓangarori biyu na iyaka.

A cikin gida ma akwai ƙofofin da suke buɗe. Dokar 'yancin samun bayanai ta 2019 ta ba kowa damar neman takardu daga hukumomin gwamnati, ta kuma ba jami'in da aka nema kwana 14 ya yanke shawara. Ƙa'idar buɗe fayiloli bayan shekara 30 tana nufin takardun farkon Jamhuriya ta Huɗu sun fara isa lokacin fitowa, ban da waɗanda aka keɓe. Ministan ilimin da Mahama ya naɗa a 2025, Haruna Iddrisu, ɗan majalisa ne mai wakiltar Tamale ta Kudu, don haka koken ɗakunan karatun arewa ba baƙo ba ne a wurinsa.

Abin da ya rage bai fi ƙarfin jama'a ba: cikakken kwafin duk abin da aka ɗauka daga Tamale ya zauna a Tamale, yadda za a karanta ko babu intanet, gidajen rediyo su riƙa ajiye shirye-shiryensu na lokacin zaɓe, fadojin sarakunan zango da gidajen malamai su bari a ɗauki hoton wasiƙu da rajistocin aure da takardun filaye, asalin ya ci gaba da zama a hannunsu. Zaɓe na gaba yana tafe a 2028, kuma kafin nan za a sake buɗe rajista, a sake tambayar wasu daga ina kakanninsu suka fito.