Tsadar makamashi a Zamfara: Nauyin talaka yana kan murhu

Tun bayan da shugaba Bola Tinubu ya bayyana janye tallafin man fetur a ranar 29 ga watan Mayun 2023, muhawara a kan makamashi a Najeriya ta fi karkata ne ga farashin litar mai da kuma kuɗin wutar lantarki.

Muhawarar ta ƙara zafi a watan Afrilun 2024, lokacin da hukumar kula da harkar lantarki ta ƙasar, NERC, ta ɗaga kuɗin wuta daga kimanin naira 68 zuwa 225 a kan kowane yunit, ga rukunin masu samun wuta aƙalla sa'o'i 20 a rana.

To sai dai a gundumar Wonaka da ke ƙaramar hukumar Gusau, da ƙauyukan Tsafe da Bungudu a jihar Zamfara, da wuya a sami gidan da ke cikin wannan rukuni. Makamashin da ya fi cin kuɗi da lokacin iyalai a can shi ne na dafa abinci.

Wani rahoto da hukumar ƙididdiga ta Najeriya ta fitar a 2022 ya ce mutane miliyan 133 ne ke fama da talauci ta fuskoki daban-daban, kuma fiye da rabin al'ummar ƙasar da itace ko gawayi ko kashin dabbobi suke girki.

Daji ya yi nisa

A da, itacen girki abu ne da mutanen karkara ke samu a bakin daji ba tare da sun biya ko kwabo ba. Matsalar 'yan bindiga da ta addabi Zamfara fiye da shekaru goma ta sauya wannan.

Dazuzzukan da mata da yara ke shiga yin itace sun zama maɓoyar masu satar mutane, abin da ya tilasta wa gidaje da dama sayen abin da a baya suke samu kyauta. A maƙwabciyar jihar Katsina ma, gwamnati ta taɓa haramta wa manyan motoci ɗauko itace daga daji a 2021, saboda dalilan tsaro.

Kananzir, wanda aka janye tallafinsa tun 2016, ya fi ƙarfin talaka. Iskar gas kuwa, ban da tsadarta, tana buƙatar sayen tukunya da kuma zuwa gari domin a cika ta.

Ke nan abin da ya rage ga mai ƙaramin ƙarfi shi ne ya rage yawan itacen da yake ƙonawa.

Murhun gargajiya mai duwatsu uku yana asarar mafi yawan zafinsa a iska, domin abin da ke isa ga tukunya bai cika wuce kashi 15 cikin 100 ba. Murhun da aka kewaye da laka ko ƙarfe yana tattara wutar a ƙarƙashin tukunya, ya rage cin itace, ya kuma rage hayaƙi.

Hayaƙin kansa babbar barazana ce. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa gurɓatacciyar iskar cikin gida ta yi sanadin mutuwar kimanin mutane miliyan 3.2 a duniya a 2020, kuma mata da ƙananan yara ne suka fi shaƙar ta.

An gwada a baya

Tunanin inganta murhu ba sabo ba ne a ƙasar Hausa. A Jamhuriyar Nijar, tun shekarun 1980 aka fara yaɗa murhun ƙarfe da ake kira Mai Sauƙi, wanda maƙeran ƙasar ke ƙerawa, da kuma na laka mai suna Albarka, wanda mata ke iya ginawa da kansu.

A Najeriya, ƙungiyar atmosfair ta Jamus ta kafa masana'anta a Kano domin ƙera murhun Save80, wanda masu shi ke cewa yana rage cin itace da kusan kashi 80 cikin 100.

Gwamnatin tarayya ma ta taɓa gwadawa. A ƙarshen 2014, gwamnatin shugaba Goodluck Jonathan ta amince da kashe naira biliyan 9.2 wajen sayo murhu 750,000 domin raba wa matan karkara. Shirin ya ƙare cikin taƙaddama a kan kwangilar, kuma bai cim ma burinsa ba.

Abin da ya bambanta gwaje-gwajen a bayyane yake. Murhun da aka ƙera a kusa yana da mai gyara idan ya lalace, yana kuma dacewa da tukunyar tuwon babban gida. Wanda aka shigo da shi ta hanyar kwangila, rabonsa kan tsaya ne a hannun masu hanya.

Babban cikas shi ne kuɗin farko. Magidancin da ke sayen itace kullum da 'yan canjin da ya samu, ba lalle ne ya iya biyan kuɗin murhu a dunƙule ba, ko da kuwa murhun zai mayar masa da kuɗinsa daga baya. A nan ne adashin mata da tsarin biya kaɗan-kaɗan za su iya yin tasiri fiye da rabon kyauta.

Fitila da mita

Ta fuskar haske ma akwai irin wannan giɓi. Ƙwan fitila na zamani, LED, yana cin ƙasa da kashi ɗaya cikin huɗu na wutar da tsohon ƙwai ke ci. Amma gidan da ba shi da mita, wanda ake yi wa lissafin ƙiyasi, ba ya ganin ribar tsimin a takardar kuɗin wuta.

Ga ƙauyukan da layin lantarki bai kai ba, fata ya koma kan hasken rana. A watan Disamban 2023 Bankin Duniya ya amince da bai wa Najeriya dala miliyan 750 domin samar da irin wannan wuta ga mutane miliyan 17.5. Sai dai ƙaramin faifan hasken rana fitila yake kunnawa ya yi cajin waya, ba ya dafa tuwo.

A 2024 majalisar zartarwa ta tarayya ta amince da manufar ƙasa a kan girki mai tsafta. Aiwatar da ita a wurare irin su Wonaka zai dogara ne a kan ko gwamnatin jihar da ƙananan hukumomi za su horar da maƙera da magina na yankin, da kuma ko hanyoyin zuwa ƙauyukan za su samu tsaron da zai ba ma'aikata damar isa can.