A Bar Yaro Ya Buɗe Labarinsa da Bakinsa

'Yan uwa malamai, duk wanda ya taɓa duba takardun insha'i a makarantunmu na Anka, Gummi ko Bukkuyum ya san wannan ciwo. A ce wa ɗalibai sittin na sakandare su rubuta labarin kansu, sai a karɓi takardu sittin masu baki ɗaya: sunana wane, shekaruna kaza, ni dogo ne, abincin da na fi so shinkafa. Har yarinyar da tuwon dawa ya raina, shinkafa ce zaɓinta, domin ita ta gani a allo.

Kafin mu ɗora wa malaman sakandare laifi, mu na firamare mu fara duba kanmu. Mu muka rubuta wannan insha'i a allo tun aji uku, muka ce a kwafa a haddace, muka ba da cikakken maki ga wanda bai canza ko wasali ba. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma da hannunmu aka tanƙwara wannan. Ranar da yaro ya zauna jarrabawar WAEC, inda ake neman insha'i mai kalmomi 450, sai haddarsa ta ƙare a sakin layi na farko.

Alhali kuwa yaranmu ba su rasa abin faɗa ba. Waɗanda suka tsira daga gubar dalma ta 2010, wadda ta kashe yara aƙalla 400 a ƙauyuka irin su Dareta da 'Yargalma, sun girma har sun shiga sakandare. Wasu sun yi gudun hijira zuwa cikin garin Anka. Wasu sun ga ambaliyar Gummi ta 2024. Akwai kuma na daɗi: ranar kasuwa, kakar gero, saukar karatu.

Shawararmu ita ce a koya wa ɗalibi ya buɗe labarinsa da rana guda, a wuri guda. A tambaye shi: ina kake, me ka gani, me ya canza daga ranar? Wanda ya fara da cewa, "Daren da ruwa ya shigo ɗakinmu, allona na fara ɗauka," ya riga ya gabatar da kansa, mai karatu kuma zai so jin saura. Ya fara faɗa da baki, ya rubuta da Hausa, sannan a taimaka masa ya mayar Turanci. Misali ma yana kusa: Shehu Abubakar Mahmud Gumi, haifaffen Gummi, ya bar mana tarihin rayuwarsa, wanda na Hausarsa ake kira Manufata. A karanta musu shafi ɗaya, su ji cewa ɗan garinsu ma ya ba da labarin kansa.

Sai dai wannan aiki amana ce. A yankinmu, suna ɗaya a cikin littafin rubutu yana iya jawo wa gida masifa. Kada a tilasta wa yaro ya tono abin da bai shirya faɗa ba, kada a karanta takardarsa a gaban aji ba da izininsa ba, a kuma hana shi ambaton sunan kowa a labarin da ya shafi 'yan bindiga.

Za a ce aji ya cika, lokaci ya yi kaɗan. Gaskiya ne. Amma jimla biyar a mako, gabatarwa kawai, ba ta fi ƙarfinmu ba. Muna roƙon reshen ƙungiyarmu ya haɗa malaman aji shida da na ƙaramar sakandare a zama ɗaya kafin sabon zango, mu amince a goge wancan tsohon insha'i daga allo. Iyaye kuma, ku tambayi 'ya'yanku abin da suka rubuta, ku saurare su har ƙarshe.