Ba dikte ke ceton majinyaci ba

Ƴan uwa ɗalibai, akwai maganar da na gaji da ji a bakin masu koyon aikin jinya, har da wasu malamansu: wai wanda haruffa ke rikice wa ba shi da wuri a gidan likita, ya je ya kama talla. To, ni ban yarda ba.

Abin nan yana da suna, disleksi. Wani likitan ido na Jamus, Rudolf Berlin, ya raɗa masa shi tun 1887. Ba daƙiƙanci ba ne, ba ƙyuya ba, balle aljanu. Ƙwaƙwalwa ce ke shan wuya wajen haɗa sauti da harafi. Mu ƴan nazarin harshe mun san rubutun Faransanci yana ƙara tsananta shi: sauti guda ana rubuta shi o, au, eau, ga haruffan ƙarshen kalma da ba a furtawa. Hausa kuwa kusan yadda ka faɗa haka za ka rubuta. Yarinya ta tashi da Hausa ko Zabarmanci, ta sha sifili a dikte tun firamare, ta daure har ta shiga makarantar kiwon lafiya a Damagaram ko Yamai, sai a sake auna ta da sandar nan dai: an tambaye ta aikin magani, an zabtare mata maki a kan harafi.

Za ku ce ai maganar rai ake. Haka ne. Dopamine da dobutamine sun yi kama a ido, kinin da kinidin ma haka, kuma tsakanin 1,0 mg da 10 mg akwai kabari. Amma wa ya ce mai karatu tar ba ya rikita su ƙarfe uku na dare, cikin damina, ɗaki cike da yara masu zazzaɓin cizon sauro? Shi ya sa a Amurka ake buga DOPamine da DOBUTamine da manyan haruffa a tsakiyar ƙanana, don kowa da kowa. Shi ya sa ake son mutum biyu su duba magani mai haɗari kafin a ɗura. Rubutun wasu likitoci a takardar magani kuwa, a bar zancen.

Wadda ta san matsalarta, aka kuma san da ita, takan karanta kwalba sau biyu, ta tambaya. Wadda muka yi wa dariya a aji ita ce abin tsoro: ta koyi ɓoyewa, ranar da take koyon aiki a asibiti ba za ta iya cewa manjo "duba mini wannan" ba. Mu muka koya mata shirun.

A Faransa, inda muka kwaso dikten, ɗalibi mai disleksi na iya samun ƙarin kashi ɗaya cikin uku na lokacin jarrabawa. Mun ɗauko bulalar, mun baro sassaucin. A ba ta ƙarin lokacin nan, a yi mata wasu tambayoyin da baki, sannan a kai ta gaban gado a ga ko za ta sami jijiya a hannun yaron da gudawa ta tsotse.