A Ba Wasa Ƙwaƙwalwa Gurbi a Darasin Lissafi

'Yan uwa malamai, duk wanda ya taɓa riƙe aji biyar ko shida ya san yadda yara ke rera BODMAS tamkar waƙa. Amma da zarar an rubuta musu 4 + 4 + 4 ÷ 4 a allo, sai ka ji da yawansu sun ce amsar 3 ce. Sun bi lambobin daga hagu zuwa dama, sun tara 12, sun raba da 4. Amsar gaskiya kuwa 9 ce, domin rabawa tana gaba da tarawa. Haddar ta zauna daram, fahimtar ce ba ta samu wurin zama ba. Ra'ayina shi ne, wani ɗan wasa da ba ya cin ko kwabo zai iya rage mana wannan ciwo, idan muka yarda muka ba shi minti goma a mako.

Ga yadda wasan yake. Ana ba yaro lambar 4 har guda huɗu, da alamomin tarawa, ɗebewa, ninkawa, rabawa da baka biyu. Sai a ce ya fitar da 0, da 1, da 2, har zuwa 10. Sharaɗin shi ne ya yi aiki da huɗun nan duka, kada ya rage ɗaya, kada ya shigo da wata lamba, amma yana iya jera biyu su zama 44. Misali, 44 − 44 zai ba shi 0, 44 ÷ 44 ya ba shi 1, sannan (44 − 4) ÷ 4 ya ba shi 10.

Wasan ya daɗe a duniya. An buga shi a mujallar Knowledge ta Ingila tun a watan Disamba na 1881. Mu ma nan ba baƙi ba ne ga irinsa. Mun tashi muna jin labarin mutumin da zai tsallakar da kura da akuya da damin harawa a ƙaramin kwalekwale, kuma a 1732 malamin nan ɗan Katsina, Muhammadu al-Kashinawi, ya rubuta littafi a kan jera lambobi cikin gidajen hatimi ta yadda kowane layi zai ba da jimilla ɗaya.

Amfanin wasan yana cikin ƙuncin sharaɗinsa. Yaron da ke neman 3 zai rubuta 4 + 4 + 4 ÷ 4 yana murna, sai na kusa da shi ya ce masa ai wannan 9 ce. Gardama ta kaure, kuma ba za ta mutu ba sai ɗayansu ya gano cewa (4 + 4 + 4) ÷ 4 ne ke ba da 3. Daga ranar nan ya san aikin baka biyu, domin shi ya neme ta da kansa lokacin da ya matsu. Haka kuma amsa ba ɗaya ba ce: ana samun 7 ta 44 ÷ 4 − 4, ana samun ta ta 4 + 4 − 4 ÷ 4. A ajina na ga yarinyar da ba ta taɓa ɗaga hannu ba ta fito allo domin nuna hanyar da ba ta zo wa kowa a rai ba, har da ni.

Na san abin da wasu abokan aiki za su ce. Manhaja ta yi yawa, jarrabawar shiga sakandare na tafe, aji ya cika ya batse, masu duba makarantu kuma littafin shirin darasi suke tambaya. Duk gaskiya ne, kuma ƙungiyarmu ba za ta daina neman ƙarin azuzuwa da kayan aiki da biyan haƙƙoƙi a kan lokaci ba. Sai dai tsarin wace alama ke gaba da wace yana cikin manhajar, yana kuma fitowa a jarrabawar, don haka minti goman nan ba a wajen darasi aka kashe su ba. Cunkoso ma bai hana ba, tunda alli da allo kawai ake bukata, kuma yaran benci ɗaya suna iya haɗa kai su nemi lamba ɗaya. Haɗarin da nake gani shi ne malami ya rubuta amsoshin ya ce a kwafe. Idan aka yi haka, an mayar da wasan wata haddar, an yi asarar lokacin.

Saboda haka ina roƙon shugabannin reshenmu su keɓe ɗan fili a wannan mujalla domin irin waɗannan tambayoyi, su kuma sa batun a taron ƙara wa juna sani na gaba. Iyaye ma da ke karanta mu, ku jarraba shi da yara bayan sallar isha'i, ko da a bayan tsohuwar takarda ce.

Ga na farko nan: a fitar da 11 daga huɗu guda huɗu. Alamomin da na lissafa a sama ba za su isa ba, sai an ƙara ɗigon desimal, a kuma tuna abin da 4 ÷ .4 ke bayarwa. Wanda ajinsa ya samo amsar, ya aiko wa edita. Allah ya sa albarka a aikinmu.