Wasiƙa Daga Bakin Nilu: Ranar da aka ɗaga tuta, kakanmu yana ina?

Na yi muku alkawarin zancen farashin riɗi da dawa a wannan makon, to ku yi mini afuwa, na ɗage shi. Wata yarinya 'yar shekara 12 ce ta jefo mini tambaya a zaurena, na kwana uku ina juya ta, na ga gara in kawo muku mu duba tare.

Waɗanda suka daɗe suna bin wannan shafi sun san na riƙe alli kafin in riƙe mudu. Da yaƙi ya ɓarke a watan Afrilu na 2023 makarantu suka rufe, yaran ƙauyenmu suka koma bin jaki da kamun kifi, sai iyayen suka same ni suka ce, "Ustaz, ka taimaka, kar su manta da ɗan abin da suka sani." Tun lokacin nake tara su bayan la'asar. Lissafi da Larabci kullum, ranar Alhamis kuma tarihi. Ko da aka soma buɗe makarantu yaran sun ƙi barin zaman Alhamis, ni ma ban so a bari ba.

Darasin da muka iso shi ne na istiƙlal, wato samun 'yancin kan Sudan. Da can yadda ake koya mana shi a madarasa haddar kwanan wata ce kawai: ɗaya ga Janairu 1956, Azhari ya ɗaga tuta, a tafa, a rera waƙa, a tashi. Ni kuwa na fara musu daga nan kusa da mu, daga Madani. Na ce musu a garin da iyayenku ke sarin sabulu da sukari, a can wani lauya mai suna Ahmad Khair ya kawo shawarar 'yan boko su haɗa kansu, abin da ya haifi Mu'utamar al-Khirrijin a 1938. A 1942 suka rubuta wa gwamnan Turawa takarda suna neman a bai wa 'yan Sudan damar zaɓa wa kansu makoma bayan yaƙin duniya. Turawa suka mayar musu da takardar. Shekara 11 bayan haka, a Fabrairu 1953, Ingila da Masar, waɗanda suke mulkin ƙasar tare tun 1899, suka sa hannu a kan yarjejeniyar mulkin kai. Aka yi zaɓe a ƙarshen shekarar, wani Ba'indiye, Sukumar Sen, shi ya shugabanci hukumar zaɓen. Isma'il al-Azhari ya zama firaminista a Janairu 1954. Da na gaya musu Azhari malamin lissafi ne kafin ya shiga siyasa, sai wani ɗan banzan yaro ya ce, "Ashe Ustaz kai ma da sauranka." Aka yi ta dariya.

Ranar da na fi so su riƙe ita ce 19 ga Disamba 1955. A ranar ce majalisar wakilai ta zauna a Khartum, wani ɗan majalisa daga Darfur, Abdurrahman Dabaka, ya miƙe ya gabatar da ƙudurin a ayyana 'yanci daga cikin majalisa, kowa ya amince. Ranar ɗaya ga Janairu kuma ba Azhari kaɗai ya ja igiyar tuta ba, tare suka ja da madugun 'yan adawa, Muhammad Ahmad Mahjub. Na zana musu tsohuwar tutar a ƙasa da tsinke: shuɗi a sama, rawaya a tsakiya, kore a ƙasa. Babu ko ɗaya a cikinsu da ya san akwai wata tuta kafin wadda Numeiri ya kawo a 1970.

Sai muka zo kan dastur, kundin tsarin mulki. Nan fa aka tsaya cak. Yaro ya san sarki, ya san umda, ya san soja da bindiga. Amma a ce wai wata takarda ce ke bisa kan mai mulki, wannan bai shiga kansu ba. Na yi misali da adashi: uwar adashi ita ke riƙe kuɗi, amma ba ita ke da ikon canja ranar kwasa don ƙanwarta na da biki ba, abin da aka amince tun farko shi ke aiki. Matan cikinsu suka gane nan take, mazan suka yi ta kallona.

Ganin haka na ce to mu rubuta namu. Muka sami bayan kwalin shayi, suka kawo dokoki, ni ina rubutawa. Za a zaɓi shugaban aji duk wata. Ƙwallon da na saya musu a Sinnar a hannun ma'aji za ta kwana, ba a hannun shugaba ba. In an yi rigima mutum uku ne za su yanke hukunci, kuma ba a sa ɗan'uwan mai ƙara a cikinsu. Wanda ya makara zai share zaure. Suka ɗaga hannu, muka liƙa kwalin a bango.

Ba a yi sati biyu ba babban cikinsu, wani ƙaton yaro da ya faɗi zaɓe, ya ƙwace ƙwallon ya ce daga yau shi ne shugaba, wanda bai yarda ba ya zo su gwada ƙarfi. Wallahi ban shirya wannan ba, amma Allah ya kawo mini darasi har gida. Na zaunar da su na ce abin da kuka gani yau shi ne 17 ga Nuwamba 1958. Dastur ɗin da aka shiga 'yanci da shi na wucin gadi ne, dokar mulkin kai ta 1953 ce aka yi wa kwaskwarima cikin gaggawa, aka ɗauke ikon gwamnan Turawa aka danƙa wa majalisar mutum biyar, aka ce za a zauna a rubuta na dindindin. Ba a gama ba Janar Ibrahim Abbud ya karɓi mulki. Jama'a suka kore shi a Oktoba 1964, Numeiri ya zo a Mayu 1969 ya yi nasa dastur a 1973, aka kore shi a Afrilu 1985, Bashir ya zo a Yuni 1989 ya yi na 1998, sulhun Kudu ya kawo na 2005, sai takardar 2019 wadda sojoji suka take a Oktoba 2021. Na ce su ƙirga. Suka ƙirga da yatsu, suka ce Ustaz ai kwalinmu ya fi wasu daɗewa. Ban ba su amsa ba.

Alƙalan nan uku suka zauna, suka yanke wa mai juyin mulki hukuncin sati ɗaya ba buga ƙwallo. Ya yi fushi ya tafi, ranar Asabar ya dawo. Abin da ya fi ba ni kunya kuwa, a satin ne motar da na shigo daga kasuwa ta lalace a hanya, na iso zaure bayan rabin sa'a. Na tarar sun jingina tsintsiya a bakin ƙofa. Na ce kai, ni ne fa malaminku. Ƙaramarsu ta nuna kwalin ta ce, "Ba a rubuta ban da Ustaz ba." Na cire hula na share zaurena tas, uwargida tana leƙe ta bayan zana tana dariya. In kun tambaye ni, wannan sharar ta koya musu ma'anar dastur fiye da duk surutun da na yi.

To, ita wannan ƙaramar ce ta yi tambayar. Muna bitar ranar tuta sai ta ce, "Ustaz, ranar da aka ɗaga tutar, kakanmu yana ina? Shi ma an ba shi 'yancin?"

Na san inda tambayar ta fito. Yarinyar nan danginta na cikin waɗanda suka gudo daga wajen Rusairis a rikicin Yuli 2022, lokacin da aka kashe mutane da yawa a Nilul Azraƙ, aka ƙone gidaje, bayan taƙaddama kan neman sarautar gargajiya ta Hausawa da batun ƙasa. Ta ji da kunnenta ana cewa su baƙi ne. Kuma ni ba zan yi wa yarinya ƙarya ba.

Na ce mata kakanninmu suna nan, wasu a gonakin auduga na Jazira, wasu a bakin kogi da taru, wasu a kasuwa. Tun kafin Turawa mutanenmu ke ratsa ƙasar nan a ƙafa zuwa Makka, da yawa suka zauna. Bayan yaƙin Burmi a 1903, inda Turawa suka kashe Sarkin Musulmi Attahiru, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya jawo jama'a zuwa gabas har suka sauka a bakin wannan kogi, garin Maiwurno kusa da Sinnar sunansa ya ɗauka. Da aka gama madatsar Sinnar a 1925 aka buɗe noman auduga, hannun 'yan Yamma na cikin waɗanda suka tsince ta, suna zaune a kambo a gefen hawasha.

Amma doka ta ja layi. Turawa sun yi dokar fayyace ɗan Sudan a 1948, majalisar 'yanci ta yi tata dokar jinsiyya a 1957, dukansu suka kafa ranar 31 ga Disamba 1897: wanda shi ko kakansa ta wajen uba yake zaune a ƙasar tun wannan rana, shi ne ɗan ƙasa na asali. Ku duba lissafin da kanku. Burmi 1903 ce. Madatsa 1925 ce. Ke nan jama'ar Mai Wurno da masu tsinkar auduga duk sun zo bayan an ja layin, sai dai su nemi jinsiyya ta tajannus, irin wadda ake bai wa baƙon da ya daɗe. Mahaifina, Allah ya ji ƙansa, a ƙauyen nan aka yanke masa cibiya, bai taɓa ganin Kano ba, amma ya yi shekaru yana safa da marwa a wani ofis, ana ce masa ya kawo shaidu, ya kawo shaidun shaidu. Har takardar su Ahmad Khair ta 1942, wadda nake yabo ɗazu, a cikin buƙatunta akwai a yi dokar fayyace ɗan ƙasa, a kuma taƙaita shigowar baƙi. Ban ɓoye wa yaran wannan ba. Mutum yana iya zama gwarzon 'yanci kuma idonsa ya tsallake maƙwabcinsa.

Ba mu kaɗai ba ne kuma. 'Yan majalisar Kudu sun ɗaga hannu a Disamba 1955 ne bisa alkawarin za a duba buƙatarsu ta tsarin tarayya, aka watsar da zancen, ƙarshenta ƙasar ta rabu a Yuli 2011. A Fabrairu 1956, tuta ba ta yi wata biyu a sama ba, aka kulle manoman Joda da ke neman haƙƙinsu a ɗaki ɗaya a Kosti, kusan 200 suka mutu saboda rashin iska. Wannan ma tarihin istiƙlal ne, ko da ba a rera shi a waƙa.

Sai dai na ce mata kar ki tsaya nan, domin layin ya motsa. Dokar jinsiyya ta 1994 ta mayar da ranar zuwa ɗaya ga Janairu 1956, ranar tutar kanta. Ma'ana, duk wanda kakansa ta wajen uba ke zaune a ƙasar nan ranar da Azhari da Mahjub suka ja igiya, doka ta ƙirga da shi. Dastur na 2005 kuma ya ce zama ɗan ƙasa shi ne tushen daidaito a haƙƙi da wajibi, ya ce ɗan da uwarsa ko ubansa ɗan Sudan ne yana da haƙƙin jinsiyya. Na san za ku ce Ustaz, rubutu daban, abin da ake yi mana a shingen hanya daban. Gaskiya ne, ni ma an sauke ni daga mota saboda harshena. Amma na lura wanda ya san abin da doka ta ce, tsayuwarsa a gaban ma'aikaci ba ɗaya take da ta wanda ya zo yana roƙo ba.

Saboda haka ga roƙona gare ku, musamman masu dogon fatauci da kan yi wata uku ba su kwana gida ba. Ku nemo takardun tsofaffi tun suna nan: jinsiyyar kaka, rasit ɗin haraji, katin hawasha, shaidar haihuwa, duk abin da ke ɗauke da kwanan wata. Ku ɗauki hotonsu a waya ku tura wa ɗan'uwa a wani gari, domin mun ga yadda wuta da gudun hijira ke cinye akwati. Ku yi wa yara raƙam waɗani, mata da maza, kar a ce sai an tashi aure ko jarrabawa. In tsohuwa na da rai a gidanku, ku zaunar da jikoki ta faɗa musu daga ina aka taso, a wace shekara aka sauka, wa aka tarar. 'Yan uwanmu da ke zaune a zangon Kumasi ko a Jidda, ku ma ku tambayi kanku wace rana ce dokar ƙasar da kuke ciki ta kafa, kuma 'ya'yanku a wane gefen layin suke.

Alhamis ɗin da ta wuce na ba yaran aikin gida, kowa ya tambayo inda kakansa yake a ranar ɗaya ga Janairu 1956. Ita mai tambayar ta riga kowa dawowa. Ta ce kakarta ta ce a lokacin ana tsakiyar tsinkar auduga, mahaifinta yana gona tun asuba, sai da yamma wani direban lori ya gaya musu Turawa sun tafi. Wai tsohon ya ce madalla, sannan ya tambaya ko za a ƙara kuɗin tsinka. Ta rubuto shi a takarda, ta ce a liƙa kusa da kwalin. Alƙalai uku sun ce sai an kaɗa ƙuri'a, an sa ranar Asabar.